Inna Sahura Ta Binne Ɗan Kumatu

Duk wanda ya yi lakwal a unguwarmu, a nan Dogon Dutsi, cikin shekara talatin da huɗun da suka wuce, abu biyu ya ɗauka a bakin ƙofar makarantar: ƙosan Inna Sahura da mutuwar Ɗan Kumatu. Ƙosai kam kafin a koma aji ya bi lafiya. Mutuwar ce ba ta sakin mutum. Ni Hindatu da nake ba ku wannan labari uwar 'ya'ya huɗu ce, ungozoma a Kore Mairuwa. Na ga abin kuka iri-iri a wurin aiki ban yi ba, amma har bara in na tuna Ɗan Kumatu sai hawaye ya zo mini. Kuma Ɗan Kumatun nan ba ma mutum ba ne.

Inna Sahura gajeriya ce mai faɗin murya, irin matan da in suna yi maka sannu sai maƙwabta su leƙo su ga da wa ake faɗa. Wurinta gindin gawon da ke fuskantar ƙofar lakwal: murhu, kasko, robar ƙullu da kujera 'yar tsugunne. Mijinta manomi ne mai tafiya cin rani, rabin shekara yana gida, rabi yana kudu, har Allah ya karɓi abinsa. Da kaskon nan ta raini 'ya'ya biyar, ta aurar da su, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da ƙoƙo ba.

Ta yi boko har aji shida a zamaninta. Sau biyu ta zauna jarrabawar sartifika, sau biyu lissafi ya kayar da ita, sai ta ce ita da lissafi kowa ya kama gabansa. Amma karatu, ai sai dai a ba ta hanya. Tana karanta Faransanci da ƙarfi, tana jan kowace kalma har wutsiyarta, har da haruffan da mushe, malamin aji, ya ce ba a furtawa, don a ganinta wanda ya rubuta su ba mahaukaci ba ne.

Mai ƙosai ba ta rabuwa da neman takarda, balle a lokacin da leda ba ta cika gari ba. Shekarar da ta fara sana'a, diraktan lakwal ya share ofishinsa, ya ba ta buhu guda na tsofaffin takardu ta riƙa naɗe ƙosai. A ciki akwai wani littafi mai kauri, ba bango, ba suna, gara ta ɗan lashi gefensa. Zaren ɗinkin ya saki ta baya, don haka ta bayan ta fara yaga. Kwana huɗu tana yaga tana naɗi, yara suna ci suna yar da takarda, awakin unguwa suna ƙarasawa. Rana ta biyar, tana jiran mai ya yi zafi, littafin ya buɗe a tsakiya. Ta ga zanen wata dabba mai kama da gafiya, amma ta fi gafiya ƙiba da kwarjini, tsaye da ƙafa biyu a kan dutse, ta cika kumatu da iska. Ta ce bari ta karanta layi ɗaya ta san mece ce wannan. Ran nan ƙosai ya ƙone har kasko biyu.

Wannan duk daga baya na sani. Muna yara ba wanda ya gaya mana cewa ƙarshen littafin yana cikin tumbin awaki.

Sunan dabbar a littafin yana karya harshe, sai Inna ta raɗa masa Ɗan Kumatu. Yana zaune a kan wani dogon dutse shi da maƙwabtansa: Hankaka mai kai gulma gida-gida, Akuyar Dutse mai ji da kanta, da tsohuwa Bushiya wadda kowa ke tsoron bakinta. Duk suna magana kamar ni da ku, suna rigima a kan iyaka, suna aron tukunya su ƙi mayarwa. Aikin Ɗan Kumatu gadi ne. In ya hango gaggafa sai ya yi fito, kowa ya faɗa rami. Ga shi da ci, ga barci, ga cika baki. Shi ne ya cinye irin shukar da aka ba shi ajiya, ya rantse ɓera ne, alhali ga ɓawo manne a gashin bakinsa. Shi ne ya ce zai koya wa Hankaka waƙa, aka yi mako guda ba wanda ya runtsa a dutsen. Amma ranar da gaggafa ta sauko kan ɗan Akuya, kowa ya yi ta kansa, shi kaɗai ya tsaya a fili yana fito, har ta bar ɗan ta bi shi.

Kullum in aka kaɗa ƙarfen shan iska sai mu kewaye kasko. Ko ka saya ko ba ka saya ba, kunnenka naka ne. Inna ta kwance littafin daga tsumman da take naɗe shi, ta ɗora a gwiwa. Hannu ɗaya yana juya ƙosai, ɗaya yana bin layi. Ta karanta da Faransanci, ta juye mana da Hausa, shafi ɗaya ko biyu, sai ta rufe daidai inda rai ya fi so. In ka roƙe ta ta ƙara ko layi guda, sai ta ce ƙarshen zance sai gobe, ka tafi mushe na jira. Tana farawa da buɗe lakwal, ta kai ƙarshe cikin zafin watan Mayu, in shekara ta zagayo ta koma farko. Na ji shi sau shida, ban taɓa cewa ya ishe ni ba. Mu dai mun yanke cewa dutsen nan na bayan gari shi ne na Ɗan Kumatu. Farin abin da ke kan duwatsun cikin zane kuwa, Inna ta ce ƙanƙara ce, muka ce to, ba don mun yarda ba.

Na sha tambayar kaina me ya sa labarin ba ya tsufa. Ina jin don kowane gida yana da Ɗan Kumatunsa ne. Namu kawuna ne, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya jin kiran gona sai kiran tuwo, amma ran da gobara ta kama rumbunmu shi ya fara shiga. Ana haushinsa, ana son sa, ba a san wanda ya fi yawa ba. Har 'yan unguwarmu da ke Kwatano da Legas, in sun kira gida, bayan sun tambayi lafiyar kowa sai ka ji sun ce, Inna tana ina yanzu, an kai wurin gaggafa?

Ba kowa ke son abin ba. Tsofaffin unguwa suka ce ba a tatsuniya da rana, mai yi da mai ji duk sai sun ɓata hanyar gida. Inna ta ɗaga littafin sama ta ce, "Wagga ba tatsuniya ba ta, littahi na. Ni ban ƙari, ban ragi. Abin da ad rubuce shi nika hwaɗi." Da wannan magana ta kashe bakin tsofaffi, kuma a kanta ta tsaya shekara da shekaru. Ba ta da gona, ba ta da shanu, wannan maganar ce dukiyarta. A unguwarmu in gardama ta ƙare har cewa ake, "Shi ke nan, Inna Sahura ta karanta," wato zance ya tabbata.

Wanda ya fi takura mata a 'yan shekarun nan shi ne Mubarak, ɗan ajinmu, mai shagon kayan babur a bakin kasuwa. Ya girma, ya yi karatun addini, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, kuma tsakani da Allah mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Sai dai in ya kawo 'yarsa lakwal ba ya wucewa sai ya yi wa Inna nasiha.

"Inna, ki ji tsoron Allah. Dabba ba ta magana. Ƙarya kika koya ma ɗiyan mutane."

"In ƙarya ta, ba tawa ba ta," in ji Inna. "Tahi ka iske mai littahi. Ni ban taɓa sa ko kalma guda tawa ciki ba."

Sai ya girgiza kai ya tayar da babur. Bai dai taɓa hana 'yar tasa zama gindin gawo ba.

Ga abin da shafin ƙarshe da ya rage a hannun Inna yake cewa. Sanyi ya sauko kan dutsen. Ɗan Kumatu ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama, ya nemi gafarar Akuya, ya mayar wa Bushiya tukunyarta. Ya shiga raminsa, ya toshe ƙofa da ƙasa ta ciki, ya kwanta a kan busasshiyar ciyawa. Jikinsa ya yi sanyi, numfashinsa ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa. Nan takarda ta ƙare, a tsakiyar magana.

To ku gaya mini, wane Ba'are ne, ɗan yankinmu, zai karanta wannan ya ce ba mutuwa ba ce? An yi sallama, an nemi gafara, an mayar da aro, jiki ya yi sanyi. Inna ta ga ba za ta iya barin gawa kwance a rami ba sutura ba, sai ta ƙarasa aikin da kanta. Littafi buɗe a gwiwa, yatsa a kan shafi kamar mai karantawa, ta sa Hankaka ya zaga shelar rasuwa, Bushiya ta ɗinka likkafani tana share ido, Akuya ta zauna makoki kwana uku ba ta taɓa ciyawa ba. Ranar ba ta sayar da ƙosai. Rabawa take yi, sadakar Ɗan Kumatu. Mu ci muna kuka, mai da hawaye suna haɗuwa a haɓa, mu koma aji mushe ya rasa abin da ya same mu.

Bara aka tura ni Yamai ƙarin horo na mako uku. Ina ratsa wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa, ina neman ƙamus na ɗana, sai na ga kumatu. Shi ne, tsaye a kan dutsensa, a bangon sabon littafi mai sheƙi. Na yi ihu har mai littattafan ya ɗauka kunama ce. Ya ce ai tsohon littafi ne, tun kafin a haifi kakarsa ake buga shi, kuma duk shekara sai iyaye sun zo nema. Ni ban ji sauran ba. A tsaye na buɗe ƙarshe, don in ga jana'izar da idona.

Babu jana'iza. Babi uku ne suka rage, kuma a na farkonsu ƙanƙara ta narke, ƙasar bakin rami ta motsa, Ɗan Kumatu ya leƙo, ya rame kamar tsinke, yana tambaya ko akwai wanda ya dafa wani abu. Ashe irin dabbar nan haka Allah ya yi ta: in sanyi ya zo sai ta kwanta barci wata shida, in ya wuce ta tashi.

Na zauna a kan wani kwali na yi dariya, na yi hawaye. Sai kuma raina ya ɓaci. Ni mai saurin fushi ce, ban ɓoye wa kowa ba. Shekara talatin ina ɗauke da makokin ƙaton banza, shi kuwa yana can yana minshari! Tun daga Yamai har Dosso har Dutsi ina shirya maganar da zan gaya wa Inna, ina gyara ta, ina ƙara mata barkono.

Na same ta a gida da la'asar, tana murje waken gobe a cikin ruwa. Na gaishe ta a taƙaice, na ajiye littafin a kan tabarma. Ta dube shi. Ta goge hannu a zane, ta sake gogewa, ba ta taɓa shi ba.

"Hindu, ina kinka samo shi?"

"Yamai, Inna. Har da ƙarshenai."

Na jira ta yi gardama, don gardama na shirya wa. Ba ta yi ba. Kanta a sunkuye ta ba ni labarin buhun takardu da awaki, wanda na riga na ba ku. Ta ce shekarar farko ta so ta faɗi gaskiya, amma da ta kai shafin, ta ga idanu arba'in suna kallon bakinta, sai ta kasa.

"In ce musu mi? In ce akuya ta canye sauran? Kuma daga baya magana ta riga ta hita, ba ta komawa."

Sai ta ɗago ta yi mini tambayar da ta warware duk shirina.

"To yaya yam mutu? Ya sha wuya?"

A nan na gane ita ma ba ta sani ba. Duk shekarun nan da take binne shi, kukan da take yi a gabanmu na gaske ne. Kunya ta kama ni, ni da na zo da barkono. Idonta ya yi rauni ga ƙananan haruffa, don haka na zauna kusa da ita na karanta mata. Da na kai inda ƙasa ta motsa sai ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta. Da ya nemi abinci sai ta saki salati.

"Kwana yay yi? Wata shidda?"

"Wata shidda, Inna."

"Awa kwaɗo cikin laka! Mu da muka ganin kwaɗi dut shekara suna hitowa da ruwan hwari, ban taɓa kawo ma raina ba." Ta yi dariya har tana tari. Sai ta hau ƙirga da yatsu, wannan karon kuma lissafi bai kayar da ita ba. "Sau talatin da ukku, Hindu. Sau talatin da ukku ina binne bawan Allah da rainai."

Can dariyar ta ɗauke. Ta mayar da hannu cikin wake.

"In anka ji, mi za a ce? Sahura maƙaryaciya. Tsohuwa da hurhura. Mubarak ya samu abin hwaɗi har tsuhwanai."

Fushina ya riga ya tafi, tausayi ya maye wurin. Sai na kawo shawara irin tamu ta 'yan boko: a ce littafi na biyu aka samo, wanda mai littafin ya rubuta daga baya ya tayar da shi. Wa zai bincika? Ta ci gaba da juya wake. Na ga shawarar ta shige ta. Daga ƙarshe ta ce in bar mata littafin, in gai da gida.

Saura mako uku a kai ranar sadaka, kuma ba ta gaya mini abin da ta yanke ba. Ƙanwata ta ce a kwanakin nan ƙosan Inna wata rana ba gishiri, wata rana gishiri biyu. Ta ari tabarau wurin maƙwabcinta tela, ana jin ta daga bayan zana tana maimaita layi ɗaya har sau biyar. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, bakina ba ya riƙe ruwa. Mace ɗaya tak na gaya wa a wurin suna cewa bana akwai magana ranar sadaka, na kuma ce kada ta gaya wa kowa. Kun san sauran.

Ranar na ɗauki hutu na zo. Gindin gawo bai taɓa ganin irin taron ba. Ban da yara, ga mata biyu daga ofishin magajin gari, ga direbobin tasha, ga mai yankan farce, ga wani jandarma cikin kaki wai wucewa yake yi. Malaman lakwal suka jeru jikin katanga. Mubarak ya tsaya can gefe da fararen kaya, riƙe da babur, wai 'yarsa ya zo ɗauka, da ƙarfe goma na safe.

Inna ba ta hura wuta ba. Ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta sa tabarau na aro. Ta karanta sallamar, da tukunyar Bushiya, da toshe ƙofa, har inda numfashi ya yi ƙasa. Manyan da suka san abin da ke biye suka fara sunkuyar da kai. Sai ta rufe tsohon littafin, ta miƙe tsaye, abin da ba mu taɓa ganin ta yi a tsakiyar labari ba.

"Nan takarda taƙ ƙare," ta ce. "Abin da kunka ji bayan nan dut shekarun ga, shela da likkahwani da makoki, ba shi cikin littahi. Ni niƙ ƙaga shi. Ƙarshen na gaskiya ni niy yage shi da hannuna, nin naɗe ƙosai. Na ce muku ban ƙari. To na yi ƙari. Dut wanda nis sa kuka, shi yahe min."

Muryar nan da ake ji daga bakin titi, ran nan sai da na matsa kafin na ji ƙarshenta. Ba ta dubi kowa ba sai Mubarak, don ta san daga can sara zai zo. Ni ma shi nake kallo, na riga na tanadi abin da zan mayar masa in ya faɗi maras daɗi.

Ya jingine babur. Ya ratso yara a hankali har gaban kasko. Ya gyara murya.

"Inna, wagga magana ta wuce, Allah shi yahe muna baki ɗai. Ni abin da nika tambaya..." Ya dubi sabon littafin da ke kan kujera. "Shina da rai?"

"Shina da rai, ɗana."

Mubarak ya tattare farar rigarsa, ya zauna a ƙasa tsakanin 'yan aji ɗaya, kusa da 'yarsa.

"To karanta muna," ya ce.